Direba Da Kwandasta

A ƙasar Hausa in mutum ya yi tafiya ya daɗe, sa'an nan ya komo gida wuyansa ya yi kauri, tumbi ya turo riga, 'yan'uwa su kan tarye shi da murna, su ce, "Kai, wane ya samu! Dubi yadda ya murje." In kuwa ya komo a rame, ko da jakarsa cike ta ke da kuɗi, sai a bi shi da kallon tausayi, a koma gefe ana tambayar juna ko ciwo ya yi a can. Haka kuma amarya, in ta shekara a ɗakinta ba ta yi jiki ba, danginta su kan fara zargin mijin, su ce ba ya ci da ita. Watau dai a idon jama'a ƙiba ita ce shaidar wadata da kwanciyar rai, rama kuwa shaidar wahala.

Wannan ra'ayi yana da tushe. Mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, da waɗanda suka ga farin 1973, sun ga yadda mutum ya kan bushe har a iya ƙirga haƙarƙarinsa. Wanda ya taɓa ganin haka, ba abin mamaki ba ne in ya ga mai jiki ya ce Allah Ya rufa masa asiri. A zamanin da abinci ya ke da wuya, aiki kuwa duk na ƙarfi ne, ba mai yin ƙiba sai sarki da attajiri, su ma ba dukansu ba.

Amma al'amari ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane mutum 8 na duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Tare da ƙibar nan kuwa waɗansu baƙi suka shigo gidaje ba sallama, su ne ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Magidanci ɗan shekara hamsin, yana tsakiyar ƙarfinsa, 'ya'yansa ba su kawo ƙarfi ba tukuna, sai rana ɗaya a ce ya faɗi a banɗaki, baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Kuɗin makaranta ya koma kuɗin magani, jari ya narke, gida ya rikice. Tumbin nan da aka yi ta yaba masa, ashe shi ne ya daɗe yana yi masa gargaɗi.

Labarin yadda aka fara gane rigakafin wannan abu ya faru ne a birnin Landan. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, likitocin Ingila suka lura mazaje masu matsakaicin shekaru suna ta mutuwa da ciwon zuciya fiye da yadda aka saba gani, ba kuwa wanda ya san dalili. Cikin waɗanda abin ya dama akwai wani likita wai shi Jerry Morris. An haife shi a 1910, ya tashi a birnin Gilasgo cikin gidan talakawa, ya kuma yi aikin likitan soja a Indiya da Bama lokacin yaƙi. Sana'arsa ita ce ƙidaya. Ya kan tara lissafin dubban mutane, ya duba su wa ke kamuwa da cuta, su wa ke tsira, sa'an nan ya nemi abin da ya bambanta su.

A 1949 sai ya mai da hankalinsa ga ma'aikatan motocin haya na Landan. Motocin nan masu bene ne, fasinjoji na zama sama da ƙasa, da matakala daga baya. Kowace mota tana da ma'aikata biyu. Direba yana gaba, zaune bisa kujera kusan dukan lokacin aikinsa. Kwandasta kuwa, watau mai yanka tikiti, ba ya samun zama. Ya hau sama ya karɓi kuɗi, ya sauko ƙasa, mota ta tsaya waɗansu su shiga, ya sake hawa, har a yini ɗaya ya kan taka matakala 500 zuwa 750. Abin da ya sa Morris ya zaɓi mutanen nan shi ne kusan kome nasu ɗaya ne. Gari ɗaya su ke zaune, ma'aikata ɗaya su ke yi wa aiki, cikin mota ɗaya su ke yini, hayaƙi ɗaya su ke shaƙa. Babban abin da ya raba su shi ne ɗaya yana zaune, ɗaya yana motsi.

Ya bi lissafin mutum wajen 31,000, masu shekara 35 zuwa 64. Da aka tattara sai aka ga cikin kowane direba 1,000, kusan 3 ne ciwon zuciya ke kamawa a shekara, amma cikin kowane kwandasta 1,000, kusan 2 ne kaɗai. Sa'an nan in ciwon ya zo, ya fi yi wa direbobi mugun kamu, gama waɗanda suka mutu nan take ko cikin 'yan kwanaki sun ninka na kwandastoci sau biyu. Morris bai yi gaggawar shela ba. Ya koma ya duba ma'aikatan gidan waya, ya gwada masu yawon raba wasiƙu da ƙafa ko bisa keke da masu yini zaune cikin ofis. Nan ma abin da ya gani ke nan. Sai a 1953 ya buga sakamakon cikin mujallar likitoci mai suna Lancet.

Waɗansu likitoci ba su yarda ba. Suka ce ai mai yiwuwa ne tun asali masu jiki ne ke zaɓen tuƙi don su sami wurin zama, sirara kuwa su zaɓi yanka tikiti, saboda haka ƙiba ce ke kashe direbobi, hawan matakala ba ruwansa. Magana ce mai ma'ana, Morris kuwa bai raina ta ba. Da ya ke ma'aikatar ce ke ba mutanenta tufafin aiki, tana da awon wandon kowa a rubuce. Ya nemo littattafan awon nan, ya bi su ɗaya ɗaya. Ya tarar lalle gaskiya ne, ƙugun direbobi ya fi na kwandastoci faɗi. Amma da ya ware masu ƙugu iri ɗaya, ya gwada siriri da siriri, mai jiki da mai jiki, sai ya ga har yanzu mutuwar farat ɗaya ta fi yawa ga direbobi. Kwandasta mai tumbi ya fi direba mai tumbi tsira.

Abu biyu ke nan suka fito daga awon wando. Na ɗaya, faɗin ƙugu abin tsoro ne. Na biyu, motsi yana tsaron mutum tun kafin ƙibarsa ta ragu. Wannan na biyun ya kamata mai jiki ya riƙe shi da kyau, domin da yawa su kan fara tafiya, su yi mako uku, su hau ma'auni su ga ba abin da ya ragu, sai su ce aikin banza ne, su bari. Alhali kuwa tun daga makon farko zuciya da jini sun fara cin riba, ma'auni ne kawai bai sani ba.

Mai karatu ya yiwu ya ce, to, ina ruwan Bahaushe da motocin Landan? Ruwansa shi ne kakanninsa kwandastoci ne, shi kuwa ya zama direba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake su kan tashi da jakuna, madugu yana gaba, su yi watanni suna taka ƙasa daga zango zuwa zango har Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi, su ɗauko goro su komo. Mahajjata su kan bi ta Barno da Wadai da Darfur da ƙafa, waɗansu su shekara da shekaru bisa hanya. Wanda bai je ko'ina ba ma, da asuba ya saɓi fartanya ya tafi gona, ranar kasuwa ya ɗauki kaya a ka. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa bisa dutse, ta ja guga. Mutanen nan sun ci tuwo sun ƙoshi, sun sha fura da ludayi, ba su yi tumbi ba, gama abin da suka ci da dare ya ƙone kafin azahar.

Jikansu kuwa yana zaune a birni. Daga ƙofar gida ya hau babur ko Keke Napep, ya sauka ƙofar rumfarsa, ya zauna bisa benci tun hantsi har magariba. Ruwa yaro ya kawo, abinci yaro ya kawo, saƙo kuwa waya ta isar. Inji ya karɓi daka da niƙa. Ba mai cewa a koma wahalar da, sauƙi ni'ima ne. Sai dai aiki ya ragu, kwano bai ragu ba, har ma ya ƙaru. Farar shinkafa da taliya da burodi sun shigo, mai ya yawaita cikin miya, shayi ya yi kauri da sukari, ga lemon kwalba da a ke tarbar baƙo da shi maimakon ruwa.

Jikin ɗan Adam kamar gida ne mai rumbu. Abin da aka ci, in an yi aiki da shi ya ƙare. Abin da ya saura, jiki ba ya zubarwa, sai ya mai da shi kitse ya ajiye don ranar yunwa. In ranar yunwar ba ta zo ba, kullum ana zubawa ba a ɗiba, rumbu ya cika ya tumbatsa. Mafi sharrin ajiyar nan kuwa ita ce ta ciki, wadda ke naɗe hanji ta shiga hanta. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, sunansa insulin, aikinsa kamar na mabuɗi ne, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka. Kitsen ciki ya kan sa ƙofar nan ta yi tauri, sukari ya rasa hanya, ya taru cikin jini, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali. Tsokar da ke aiki kuwa, kamar ta cinya da ta ƙwauri sa'ad da mutum ke tafiya, ita da kanta ta ke janye sukari daga jini. Dalili ke nan da ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci ta fi kishingiɗa amfani nesa ba kusa ba.

In mutum yana so ya san ko rumbunsa ya cika, ba sai ya nemi ma'auni ba, igiya ta isa. Ya tsaya jikin bango, a auna tsawonsa da igiya daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. Sa'an nan ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita, sama da cibiya kaɗan, kada ya shanye ciki. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Wannan shi ne abin da likitoci ke nufi da cewa kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Awon nan na maza ne da mata, ban da mai juna biyu.

To, wanda igiyarsa ba ta haɗu ba, nawa ne zai rage? A nan ma akwai labari mai daɗin ji. A Amurka an tara mutum 3,234 masu jiki, waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba tukuna, aka raba su kashi uku. Kashi ɗaya aka ba su shawara kawai irin wadda aka saba. Kashi na biyu aka ba su ƙwayar maganin sukari mai suna metformin. Kashi na uku aka tsaya musu, aka ce su yi tafiya mai sauri minti 150 a mako, su rage mai da yawan ci, su nemi zubar da kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Bayan kusan shekara uku, a 2002, aka bayyana abin da aka gani. Cikin kowane mutum 100 na kashin farko, 11 ne ciwon sukari ke kamawa a shekara. Cikin masu shan ƙwaya, kusan 8. Cikin masu tafiya da rage ci kuwa, kusan 5. Ƙafa ta fi ƙwaya. Waɗanda suka haura shekara 60 ma su ne suka fi kowa cin ribar abin. An yi irin wannan gwaji a ƙasar Sin da ƙasar Finlan, duk suka nuna hanya ɗaya.

Kashi 7 cikin 100 ba wani abu ne mai yawa ba. Mai nauyin kilo 90, kilo 6 da 'yan kai ke nan. Wanda ya zubar da wannan bai zama siriri ba, rigunansa ma ba sai an kai wa tela ba, amma ya rage haɗarin ciwon da fiye da rabi. Ba a nemi kowa ya koma jikinsa na samartaka ba. Kaɗan ɗin da aka rage aka kuma riƙe, ya fi mai yawan da aka zubar cikin wata ɗaya ya dawo cikin wata uku.

Amma fa akwai gaskiyar da ba ta da daɗin ji, ita ce tafiya kaɗai ba ta saurin rage nauyi. Likitoci suna auna ƙarfin abinci da wani mudu da su ke kira kalori. Mutum matsakaici in ya yi tafiya mai sauri ta rabin sa'a, ya kan ƙone kalori wajen 140. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja yana da kalori wajen 120. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana da wajen 140, gama sukarin da ke cikinta ya kan kai cokalin shayi 8 ko 9. Watau mutum ya yi gumi rabin sa'a, ya dawo ya ce a ba shi mai sanyi, cikin minti biyu ya mai da abin da ya zubar. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya fi kalori 7,000, saboda haka mai dogara ga tafiya kaɗai sai ya yi kusan wata biyu kafin ya rage kilo guda. Kwano shi ke rage nauyi da sauri, ƙafa ita ke tsaron zuciya ta kuma hana nauyin dawowa. Tilas a haɗa su.

Gyaran kwano ba ya bukatar abincin Turawa, ba ya kuma bukatar zama da yunwa. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya cika gurbin da miya mai ganye. Ƙasar Hausa ba ta rasa kuka da kuɓewa da alayyafo da yakuwa da rama da zogale da kabewa ba, ga wake, wanda ke riƙe ciki ya daɗe. Tuwon dawa da na gero, waɗanda ba a cire musu dusa sarai ba, sun fi farar shinkafa jinkirin zama sukari cikin jini. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali, ta bar tsiyayawa daga kwalba, ta kuma rage gishiri da dunƙulen miya saboda hawan jini. Soyayye, kamar ƙosai da doya da awara, ya zama na wani lokaci. Shayi mai cokali huɗu ya koma uku, bayan mako biyu ya koma biyu, harshe ya kan saba. A sha fura da nono yadda kakanni suka sha, ba sukari. Zoɓo da kunun aya ma, in an cika musu sukari, 'yan'uwan lemon kwalba ne. A ci abincin dare da wuri, a ci a hankali, a tsame hannu tun ciki bai cika ba. A kuma sami barci isasshe, wajen sa'a bakwai, gama mai ƙarancin barci ya kan tashi da kwaɗayi.

Tafiyar kuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kada babba ya kasa minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Ba tafiyar rangwaɗa a ke nufi ba. Alamar an kai saurin da a ke so ita ce numfashi ya ɗan hau, jiki ya ɗumama, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya ƙara 5 kowane mako. A ƙasa mai zafi, bayan asuba da bayan la'asar su ne lokacin da ya fi dacewa, a kuma sha ruwa. Ba lalle ne a yi ta gaba ɗaya ba, minti 10 sau uku ma ta yi. Mutum ya sauka daga mota kafin ya kai inda za shi, ya ƙarasa da ƙafa. Saƙon da zai ba yaro ya kai da kansa, da ma Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Matar da ba ta fita tana da tsakar gida, ta kewaya shi da sauri da safe da yamma, ta karɓi taɓarya wani lokaci daga hannun yara, in ta sami kishiya ko maƙwabciya su yi tare ya fi daɗi. Masu wayar da ke ƙirga taku kada su damu da taku 10,000 da a ke yawan faɗa. Wannan adadi ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, kuma bincike na baya ya nuna amfani ya kan fara tun ƙasa da haka ƙwarai.

Akwai waɗanda ya kamata su ga likita tukuna. Wanda ƙirjinsa ke ciwo ko numfashinsa ke sarƙewa in ya yi ɗan motsi, da wanda ya riga ya ke shan maganin sukari ko na hawan jini, su nemi shawara kafin su sake tsarin cinsu. Mai ciwon sukari kada ya yi tafiya ba takalmi, ya kuma duba ƙafafunsa kowace rana. Mai juna biyu ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta. Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ko ga tari da ya ƙi ƙarewa, wannan kada ya yi murna, ya tafi asibiti.

A yi hattara kuma da masu tallar magani. Yawancin shayi da jiƙon da a ke cewa suna narkar da tumbi cikin mako ɗaya, gudawa da fitsari kawai su ke sa wa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Ƙwayoyin nan kuma da waɗansu mata ke sha don su yi jiki, waɗanda a ke kira sha-ka-fashe, akwai cikinsu masu kumbura fuska, su ta da sukari da jini, su raunana ƙashi. Gaskiya ne tun daga 2021 an sami sababbin allurai masu rage ƙiba ƙwarai, amma suna da tsada, sai da likita a ke yinsu, kuma in an bari nauyi ya kan dawo. Masu yinsu ma ba a ɗauke musu tafiya da gyaran ci ba.

Duk wannan mai sauƙi ne bisa takarda. Wuyar abin tana ga bakin mutane. Dattijo mai mota in ya fito da ƙafa, kafin ya kai bakin titi mutum uku sun tsaya. Wannan ya ce, "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Wancan ya ce, "Baba, hau in kai ka mana." Bayan ya wuce kuwa a ce ai karayar arziki ce ta same shi. In ya yi wata huɗu riga ta fara yi masa yawa, sai 'yan dubiya su fara zuwa. In ya je gidan suruki ya ce ba ya shan lemo, a ce ya raina abin da aka kawo. Mace kuwa nata ya fi, gama za a ce mijin ne ya gaza. Wannan gori ya mai da mutane da yawa bisa kujera, fiye da yadda ciwon gwiwa ya mai da su. Maganinsa shi ne mutum ya faɗi dalilinsa a fili, ba kunya, ya ce likita ne ya ce, ko ya ce sukari ya ke gudu. Ya kuma nemi abokin tafiya, domin mutum ɗaya in yana tafiya a kan ce ya rasa abin hawa, amma dattawa huɗu in suna tafiya tare kowace safiya, ba a daɗe sai na biyar ya biyo su.

Jiki ma yana da nasa gardama. In nauyi ya fara raguwa, jiki ya kan zaci yunwar nan da ya daɗe yana yi wa tanadi ce ta zo, sai ya ƙara jin yunwa, ya kuma rage abin da ya ke ƙonewa. Shi ya sa bayan 'yan watanni ma'auni ya kan tsaya cik, shi ya sa kuma masu horon kansu da yunwa mai tsanani su kan koma fiye da yadda su ke. Wannan ba kasawar mutum ba ce, halittar jiki ce. Saboda haka kada a ɗauki wata ɗabi'a sai wadda za a iya riƙewa har tsufa. Rabin kilo a mako ya isa. In biki ko salla ta zo aka ci aka wuce kima, gobe a koma hanya, ba a fasa noma don an rasa yini ɗaya.

Shi kansa Likita Morris ya yi aiki da abin da ya gano. Ya riƙe iyo da sassarfa da tafiya shekara da shekaru, yana zuwa wurin aikinsa har bayan ya haura 90, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Ajali dai na Allah ne, kwandasta ma ya kan mutu da ƙuruciya, direba ya tsufa. Amma lissafin dubban mutane ya nuna inda rinjaye ya ke, mai hankali kuwa da rinjaye ya ke aiki.

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa ya riga ya san irin wannan hanya. An yi masa dariya sa'ad da aka gan shi da gemu yana riƙe da fensir. Ya yi makonni yana ganin kamar ba abin da ke shiga. Bai bari ba, yana zuwa kowace yamma, baƙi ɗaya bayan ɗaya, har ga shi yau yana karanta littafi da kansa. Haƙurin nan shi ne dai a ke bukata a nan, karatun ma yana da aikin da zai yi. Ya nemi ɗan littafi, ya rubuta ranakun mako, duk ranar da ya yi tafiyarsa ya sa alama. Ya ajiye igiyar awonsa, ranar ɗaya ga kowane wata ya gwada, ya rubuta yatsa nawa ya rage bakinta ya haɗu. Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya ba da lafiya mai amfani, amin.